An Ci Wasa, Amma Wani Ya Yi Tagumi: Butulu Ne Ko Mai Hangen Nesa?

Editoci sun ba ni ɗan fili a sashen Hausa, ni kuwa na ce zan yi amfani da shi in tsoma baki cikin wata gardama wadda duk mai son wasanni ya san ta.

Ga yadda gardamar take. Ƙungiyarku ta ci wasa, ana ta tsalle ana sowa, sai ka hangi mutum guda ya koma gefe ya yi tagumi. Ka tambaye shi ko lafiya, sai ya ce da kai, to, an dai ci, amma shi bai ga abin rawa ba, gama idan aka ci gaba da wasa haka ba za a je ko'ina ba. Nan da nan sai a yi masa caa. Wannan ya ce mai baƙin ciki ne, wancan ya ce butulu ne, wani kuma ya ce ai dama tun can ba ya ƙaunar ƙungiyar. Ni dai ina bayan mai tagumin nan, ko da yake ba ta kowace fuska ba. Zan kafa hujjata da abin da ya faru a wasan ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka, domin a can ne na ga misalin da ya fi kowane fitowa fili.

Da farko bari in yi bayani kaɗan saboda waɗanda ba su saba da wasan ba. A Amurka ƙwallon kwando na jami'o'i ba ƙaramin abu ba ne. Kowace shekara a cikin watan Maris akan fara wata babbar gasa ta ƙasa baki ɗaya, a gama ta a farkon Afrilu. Dokar gasar ba ta da tausayi: an cinye ka sau ɗaya, ka tattara kayanka ka koma gida. Minti 40 ake yi a wasa, watau 20 kafin hutu, 20 bayan hutu. Idan aka yi wa ɗan wasa laifi, sau da yawa alƙalin wasa yakan tsai da agogo ya ba shi abin da zan kira jifan kyauta. Zai tsaya a kan layi, ƙafa 15 daga allon da kwandon yake manne, ba mai tare shi, ba mai taɓa shi, ya jefa. Kowane jifa da ya shiga maki ɗaya ne. A ido, babu abin da ya fi wannan sauƙi a cikin wasan duka. Ku riƙe wannan a zuciya.

A kakar wasa ta 2007 zuwa 2008, ƙungiyar Jami'ar Memfis ta zama abin tsoro. (Wannan Memfis ta Jihar Tennessee ce, ba ta ƙasar Masar da muke karantawa a Littafi Mai Tsarki ba.) Mai horar da su shi ne John Calipari. Suna da Chris Douglas-Roberts, gwanin cin maki, da ƙaton nan Joey Dorsey a ƙarƙashin kwando, da kuma wani yaro ɗan shekarar farko mai suna Derrick Rose, wanda gudunsa da ƙwallo ya fi na wasu ba ƙwallo. Sun ci wasa 26 a jere kafin Jami'ar Tennessee ta doke su da maki 66 da 62 a watan Fabrairu. Daga nan kuma suka ci gaba da lallasa duk wanda suka gamu da shi. Amma suna da wani lahani guda wanda ba ya ɓoyuwa. A cikin jifan kyauta goma, kamar shida kawai suke ci. A jerin manyan jami'o'i fiye da 300 da ke rukuninsu, suna can kusa da wutsiya ta wannan fanni.

Ranar 23 ga Maris, 2008, a zagaye na biyu na babbar gasar, suka kara da Jami'ar Jihar Mississippi, wadda kowa ya ɗauka ba tsararsu ba ce. Memfis ta ci da maki 77 da 74. Amma a wasan nan an ba su jifan kyauta 32, suka ci 15, suka ɓarar da 17. Saboda wannan ɓarna ne abokan karawarsu suka yi ta manne musu har ƙarshe. A daƙiƙa ta ƙarshe wani ɗan wasan Mississippi, Jamont Gordon, ya jefa daga nesa, irin jifan da ke kawo maki uku. Da ta shiga, da an yi kunnen doki. Ba ta shiga ba. Aka busa tashi, Memfis ta wuce zagaye na gaba.

To, a nan ne masu tagumi suka ɗaga murya. Magoya baya da 'yan jarida suka yi ta nanata magana guda: an ci, amma wannan ɓarar da jifan kyauta wata rana zai kai su ya baro. Calipari kuwa ya gaji da tambayar, gama tun farkon kakar ake yi masa ita. Amsarsa ba ta sakewa. Yakan nuna cewa abin bai dame shi ba, cewa idan yana auna ɗan wasa jifan kyauta yana can ƙarshen abubuwan da yake dubawa, kuma yaransa za su ci jifan a lokacin da ake bukata.

Adalci ya wajaba a faɗi abin da ya biyo baya, domin sai da masu tagumin suka ji kunya tukuna. Memfis ta doke Jami'ar Jihar Michigan da maki 92 da 74. Ta doke Texas da 85 da 67, inda ta ci jifan kyauta 30 cikin 36. A wasan kusa da na ƙarshe ta doke UCLA da 78 da 63, ta ci 20 cikin 23. Ku haɗa wasanni biyun nan na baya, za ku samu 50 cikin 59. Wa zai ƙara buɗe baki? Duk wanda ya yi ƙorafi ranar Mississippi ya zama abin dariya, kocin kuwa ya zama mai gaskiya. Nasarorinsu a kakar sun kai 38.

Sai ranar 7 ga Afrilu, a birnin San Antonio, wasan ƙarshe da Jami'ar Kansas. Saura minti biyu da daƙiƙa 12 a tashi, Memfis tana gaba da maki 60 da 51. Tazarar maki tara a irin wannan lokaci, kusan kofi ya shiga hannu ke nan. Amma akwai wata dabara da duk ƙungiyar da ke baya takan yi idan lokaci ya ƙure mata. Sai ta riƙa yin laifi da gangan, domin agogo ya tsaya, a tura abokin hamayya kan layin jifan kyauta. In ya ci, an yi hasara kaɗan. In ya ɓarar, ga ƙwallo ta dawo ba tare da lokaci ya tafi ba. Kansas ta ci wasu maki da sauri, ta ƙwace ƙwallo ta ƙara uku, sa'an nan ta shiga tura 'yan Memfis kan layi. Saura minti ɗaya da daƙiƙa 15, Douglas-Roberts ya ɓarar da jifa ɗaya, irin wanda sai ka ci na farko ake ba ka na biyu. Saura kamar daƙiƙa 16 aka ba shi biyu, ya ɓarar da su duka. Saura kamar daƙiƙa 10 aka ba Rose biyu, ya ɓarar da na farko ya ci na biyu. Huɗu ke nan cikin biyar suka salwanta. Maki ya tsaya 63 da 60.

Kansas ta ɗauko ƙwallo da gudu, Sherron Collins ya miƙa wa Mario Chalmers, shi kuwa ya jefa daga nesa. Ta shiga, saura daƙiƙa biyu. Aka tafi ƙarin lokaci, Kansas ta ɗauki kofi da maki 75 da 68. A dukan wasan Memfis ta ci jifan kyauta 12 cikin 19, Kansas ta ci 14 cikin 15.

Yanzu ina roƙonku ku ajiye wasanni biyun nan kusa da juna, na 23 ga Maris da na 7 ga Afrilu. Kwana 15 ne tsakaninsu. A duka biyun Memfis tana gaba da maki uku a daƙiƙun ƙarshe. A duka biyun ɓarar da jifan kyauta ne ya bar ƙofa a buɗe. A duka biyun wani yaro daga ɗaya gefen ya jefa daga nesa. Na farko bai shiga ba, aka ce nasara. Na biyu ya shiga, aka ce masifa. Ina bambancin abin da Memfis ta yi a ranakun nan biyu? Ni ban gan shi ba. Bambancin yana hannun Gordon da hannun Chalmers, waɗanda ba 'yan Memfis ba ne. Mai tagumin ranar farko ya ga wannan. Ya lura cewa ƙungiyarsa ta bar ƙaddararta a hannun wani, sa'a ce kawai ta fisshe ta. Mai rawa kuwa allon maki kaɗai ya duba.

Abin da nake so in ce ke nan. Allon maki tambaya ɗaya yake amsawa, watau wa ya fi yawan maki yau. Ba ya faɗa maka ko ƙwarewarka ce ta ci, ko kuskuren abokin hamayya, ko kuwa gefen ƙarfen kwando ne ya yi maka alheri. Idan an cinye ƙungiya, kowa yakan zama likita, har mai sayar da gyaɗa a bakin fili zai gaya maka inda cutar take. Idan kuwa an ci, ba mai son jin maganar cuta. Saboda haka nasara ta fi faɗuwa iya ɓoye lahani, kuma lahanin da aka ɓoye ba a yi masa magani. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bangon Memfis a tsage yake tun farkon kaka. Ƙadangaren ne bai iso ba sai a watan Afrilu.

Akwai kuma wani abu game da wannan lahani musamman. Wani rauni, sai sa'a ta gitta kafin a taɓa shi. Amma rashin iya jifan kyauta rauni ne wanda abokin hamayya yake iya kira a duk lokacin da ya ga dama. Ba ya bukatar izininka. Zai riƙe hannunka kawai, alƙali ya busa, ga ka a kan layi kai kaɗai, dubban mutane suna kallo. Tsallenka da gudunka ba su da amfani a wurin. Wanda ya san yana da irin wannan rauni, ya ce ba ya damunsa, ya yi kama da mai gida da ya san kubar ƙofarsa ta lalace, ya kuma san ɓarayin unguwa sun sani, amma ya ce ai har yanzu ba a yi masa sata ba.

Na san abin da za a mayar mini, kuma ba maganar banza ba ce. Za a ce waɗanda suka ɓarar a ranar ba su ne raunanan ƙungiyar ba. Douglas-Roberts da Rose suna cikin mafi iya jifan, kowannensu yakan ci kamar bakwai cikin goma. Dorsey, wanda ya fi kowa rauni a kan layi, ya riga ya fita daga wasan saboda laifinsa ya cika biyar. Za a ƙara da cewa akwai wasu kurakurai. Da 'yan Memfis sun yi wa Collins laifi kafin ya miƙa ƙwallon, da jifa biyu kaɗai Kansas za ta samu, ba uku ba, kuma Calipari da kansa ya ce abin da suka yi niyya ke nan bai yiwu ba. Za a ce Kansas ma ba kanwar lasa ba ce, kada a rage mata yabonta. Duk na yarda. Amma ku duba, bakwai cikin goma shi ne gwanintar ƙungiyar. Watau a ranar da ake neman wanda za a miƙa wa ƙwallo a kwanta da rai, babu shi. Mafi iyawarsu ma yakan ɓarar da uku cikin goma a ranar da ba gajiya, ba tsoro. Ina ga ranar da ƙafafu suka yi nauyi bayan kusan minti 40, zuciya tana bugawa, kofi yana ajiye a gefen fili? Alkawarin cewa za a ci idan bukata ta zo, alkawari ne da ba wanda yake da ikon cikawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin ban mamaki shi ne, shekara 25 kafin wannan an riga an ga irinsa, kuma da ɗan ƙasarmu a tsakiyar fili. Ina nufin Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda ya fara da tsaron gida a ƙwallon ƙafa da kuma ƙwallon hannu, har ma wani taron wasanni da aka yi a Sakkwato yana cikin tarihin shigarsa ƙwallon kwando. A 1983 yana wasa a Jami'ar Houston tare da Clyde Drexler, a ƙarƙashin koci Guy Lewis. Salon wasansu shi ne gudu da tashi sama a danna ƙwallo cikin kwando da hannu. A wasan kusa da na ƙarshe, a birnin Albuquerque, suka doke Louisville da maki 94 da 81, suka danna ƙwallo ta sama fiye da sau goma. Wasan ya ƙayatar ƙwarai, har mutane da yawa suka ɗauka wasan ƙarshe cika sharaɗi ne kawai. Nasararsu ta 26 ke nan a jere. Su ma kuwa kamar shida cikin goma suke ci a jifan kyauta, amma wa zai tsaya lissafin wannan bayan irin wancan kallo?

Mutum guda ya tsaya ya lissafa, shi ne Jim Valvano, kocin Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa, wadda aka riga aka cinye sau 10 a kakar. Ranar 4 ga Afrilu, 1983, Houston ta dawo daga hutu tana baya, ta farfaɗo ta wuce gaba da 42 da 35, sa'an nan Lewis ya ce a rage gudu a ja lokaci. Tazarar ta yi ta narkewa har maki ya zama 52 da 52. Saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, Valvano ya sa aka yi wa wani ɗan shekarar farko, Alvin Franklin, laifi da gangan. Yaron ya ɓarar. 'Yan Karolina suka riƙe ƙwallo har ƙarshe, Dereck Whittenburg ya jefa daga nesa ƙwarai, ƙwallon ba ta kai ba, Lorenzo Charles ya cafe ta a sama ya danna. Aka tashi 54 da 52. Olajuwon ya ci maki 20, ya cafe ƙwallo 18 a ƙarƙashin kwando, har aka zaɓe shi gwarzon gasar ko da yake ƙungiyarsa ba ta ɗauki kofin ba. Jifan kyauta nawa aka ba Houston a ranar? Goma sha tara, daidai da na Memfis. Ta ci 10. Da maki biyu aka cinye ta.

Duk da haka, kada wani ya ɗauki wannan rubutu ya mai da shi lasin na zagi. Na ce ina bayan mai tagumi, amma masu tagumi iri biyu ne. Akwai wanda yake iya nuna maka da yatsa: mun ɓarar da 17 cikin 32, ko kuwa muna barin a cafe ƙwallo a ƙarƙashin kwandonmu, ko kuwa da zarar an sake mutum biyu wasan ya watse. Wannan yana da amfani, domin abin da ya faɗa ana iya ƙirga shi, ana iya kai shi filin horo gobe da safe. Maganarsa ita ce irin wadda ake cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Akwai kuma wanda bakinsa bai san kome ba sai a kori koci, wane ba ya da zuciya, wane ragon banza ne. Wannan ko an ci da maki 40 zai sami abin faɗa, kuma shi ne ya sa ba a sauraron na farkon, gama an haɗa su a kwando ɗaya. Ku tuna cewa waɗanda ake magana a kansu ɗalibai ne. Rose yana da shekara 19 a daren da ya ɓarar da jifan nan, bai girmi wasu 'yan ajin ƙarshe na makarantar sakandare da yawa ba. Ni ban ga laifin yaro da hannunsa ya yi rawa a gaban dubban mutane ba. Inda nake da ja shi ne a kan babba, wanda aka yi ta nuna masa tsagar bango wata da watanni, ya riƙa amsawa a bainar jama'a kamar masu tambayar ne ba su san wasa ba.

Wani abu kuma da ya kamata a rubuta, domin labarin ya cika. A 2009 hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ta soke nasarorin nan 38 na Memfis duka daga littafinta, bayan da hukumar jarrabawa ta soke sakamakon jarrabawar shiga jami'a na wani ɗan wasansu. Wannan tsaga ce da ba wani mai kallo da zai iya hangowa daga kan benci, kome kaifin idonsa. A lokacin kuwa Calipari ya riga ya koma Jami'ar Kentucky, inda ya ɗauki kofin ƙasa a 2012.

Shi kuwa Olajuwon, a shekarunsa na jami'a bai kai shida cikin goma ba a jifan kyauta. Houston ta sake kai wa wasan ƙarshe a 1984, Georgetown ta doke ta da 84 da 75. Sa'ad da ya shiga wasan ƙwararru na NBA ya yi ta gyara hannunsa, har ya gama zamaninsa yana cin sama da bakwai cikin goma. Ya ɗauki kofi da ƙungiyar Houston Rockets a 1994, ya sake ɗauka a 1995, a karo na biyun kuwa tare da tsohon abokinsa Drexler, shekara 12 bayan daren Albuquerque.